Shawara: Gwanjon tsofaffin dardumai ya taɓa kuɗin gininmu, in ci gaba ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata tara ina aiki a wani gari a arewacin Ingila, da matata da 'ya'ya uku. Bara wani abokina ya kai ni wani ƙaramin gidan gwanjo, na ga tsohuwar dardumar sallah saƙar hannu ta Baluchawa, wata ƙabila ta iyakar Iran da Afganistan, aka sallama mini a kan fam 280. Tun ranar abin ya shiga raina. Bayan wata uku na sayi ta ƙabilar Ƙashƙai ta Iran a kan fam 900. A watan jiya na yi tayi ta intanet a kan wani babban kafet na Kashan, wani birni a Iran, wanda hotonsa kawai na gani, guduma ta faɗi a kan fam 2,400. Da aka haɗa la'ada da haraji da kuɗin kawowa ya tashi fam 3,354. Duka ukun sun ci kusan fam 5,000, kuma daga asusun da ni da uwargida muke tarawa don gina gida a Kano na ɗiba. Na ce mata kafet ɗin fam 1,500 ne. Na kai wa mai gyara, ya ce an shafa launi a wuraren da gashinsa ya cinye, kuma zaren ƙasansa ya ruɓe a kusurwa ɗaya. Ita kuma ta ga takardar banki. Yau kwana goma gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta ce in sayar da duka. Abokin nawa, wanda yake ɗan taɓa dillancin kayan, ya ce akwai wata dardumar Kazak, saƙar ƙauyukan yankin tsaunukan Kaukasus da ke arewa da Iran, da za a yi gwanjonta nan da mako uku, in na same ta a fam 3,000 zan fanshe asarata. Ina son kayan nan har zuciyata, ba don riba kaɗai ba. Yaya zan yi?

Wani magidanci, daga Ingila

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da abin da ke da wa'adi: kada ka taya Kazak ɗin nan. Ko da ta gaske ce, ko da fam 3,000 araha ce a gare ta, kuɗin da za ka saya da su ba naka ba ne kai kaɗai, kuma dalilin da zai kai ka ɗakin gwanjon, wato neman fanshe asara, shi ne dalilin da ya fi kowanne sa mutum ya ɗaga hannu fiye da inda ya yi niyyar tsayawa. Tsofaffin dardumai ba sa ƙarewa a Ingila. Duk wata ana fito da su daga gidajen da aka raba gado, kuma wadda za ta wuce ka a wannan karo za ka ga 'yar'uwarta baɗi.

Sai uwargida. Ka lura da kyau, fushinta ya fi ƙarfin fam 5,000. Ta yi shekaru tana rage cefane da ɗinki tana zubawa a asusu ɗaya da kai, da hoton wani gida a ranta, sai ta ji gaskiyar lamari daga takardar banki ba daga bakin mijinta ba. Abin da take tambayar kanta yanzu shi ne ko akwai sauran abin da ba ta gani ba. Don haka kada ka je mata da bayanin kyan saƙar Kashan, ba lokacinsa ba ne. Ka ɗauko rasiɗan guda uku, ka rubuta a takarda ɗaya abin da kowace darduma ta ci har da la'ada da kuɗin mota, ka haɗa da abin da mai gyara ya faɗa, ka ajiye a gabanta ka ce ka yi kuskure biyu: ka taɓa kuɗin haɗaka ba da saninta ba, sannan ka rage farashi da ta tambaye ka. Ka ba ta haƙuri ba tare da ka biyo shi da "amma" ba. Daga nan ka faɗa mata yadda za ka mayar da kuɗin daga naka albashin. In ka iya fam 250 a wata, cikin wata 20 ka cike gurbin, kuma duk abin da aka samu daga sayar da kaya ya rage wa'adin. Ka sa banki ya riƙa cirewa da kansa ranar da albashi ya shiga, ta riƙa gani. In maganar ta ƙi daɗi tsakaninku ku biyu, ku nemi dattijo ɗaya da take ganin girmansa, ba taron dangi ba.

Amma shawararta ta a sayar da duka a yau, ina ganin za ta sauya in ta ga lissafi, domin gaggawar sayarwa wata asarar ce. Duba yadda gwanjo yake cin kuɗi ta fuska biyu. Farashin guduma fam 2,400 ne. Gidan ya ɗora la'adar mai saye, wadda a yawancin gidaje tana tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, aka ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar, dandalin intanet da ka bi ya ɗauki nasa 'yan kason, mai mota ya ɗauki nasa. Shi ya sa ka ga 3,354. To in ka mayar da shi gobe, aka yi sa'a guduma ta sake faɗuwa a kan 2,400 daidai, za a cire maka la'adar mai sayarwa, a ce kashi 15 da harajinta, ka tashi da abin da bai kai fam 2,000 ba, kafin kuɗin hoto da inshora. Kafin ka mayar da uwar kuɗinka sai guduma ta kai wajen fam 4,100, wato sai darajar kayan ta ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari. Wannan lissafin ya shafi Kazak ɗin abokinka ma: fam 3,000 a bakin mai gwanjo ya haura 4,000 a aljihunka.

Ana ruɗar mutane da labarin manyan farashi. Gaskiya ne a watan Yunin 2013 an sayar da wani kafet na birnin Kirman na Iran, na ƙarni na 17, a gidan gwanjon Sotheby's na New York a kan dala miliyan 33.7. Amma irin wannan 'yan ƙalilan ne a duniya, da tarihin hannun da suka bi a rubuce. Matsakaitan kafet na birni da aka saƙa a ƙarni na 20, irin wanda ake shimfiɗawa a falo, suna da yawa ƙwarai a kasuwa, kuma farashinsu ya daɗe yana sanyi a Turai saboda masu gidaje sun koma son shimfiɗa marar yawan ado. Mai tara dardumai na gaske yana saye ne da kuɗin da zai iya mantawa da su. In riba ta zo bayan shekara ashirin, alhamdu lillahi.

Yanzu ga ilimin kayan, tunda ka ce kana sonsu har zuciya, kuma na yarda da kai. Kuskurenka na sana'a shi ne ka haɗa kasuwa biyu da ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba. Dardumar ƙabila, irin ta Baluchawa da ke iyakar Iran da Afganistan, ko Ƙashƙai na yankin Shiraz, ko Turkumawa kamar Tekke da Yomut, mace ce take saƙa ta a masaƙar da ake kafawa kwance a ƙasa, a naɗe ta in za a tashi da garke. Zanen daga ka yake fitowa, yadda ta gani wurin uwarta. Zaren tsaye da na kwance galibi duk ulu ne, wani lokaci da gashin akuya a gefe. Shi ya sa za ka ga ba ta cika faɗi ba, gefenta ya ɗan karkace, launin fili ya canza daga wani layi zuwa wani saboda ulun da aka rina a tukunya ɗaya ya ƙare an shiga na wata tukunyar. Masu sana'ar suna kiran wannan canjin launi abrash, kuma a dardumar ƙabila ado ne. Abin da ake biya a nan shi ne shekaru, da kyan rini, da laushin ulu, da yadda zanen yake da sarari da rai. Masu tarawa sukan yafe wa tsohuwar dardumar ƙabila ɗan rami ko cinyewar gefe in launinta ya isa.

Kafet ɗin birni, na Tabriz, Kashan, Isfahan, Nain, Kum, Kirman ko Hereke ta Turkiyya, aikin ma'aikata ne. Mai zane ya zana a takarda mai gida-gida, kowane gida ƙulli ɗaya, masaƙa suna zaune a gaban masaƙar tsaye suna bi. Zaren ƙasa auduga ne ko siliki. A nan ana duba daidaito, da yawan ƙulli, da sunan masaƙar, kuma sama da komai lafiyar kayan. Kazak mai ƙulli 50 ko 60 a murabba'in inci ɗaya tana iya fin kafet mai 300 tsada nesa ba kusa ba, don haka kada kowa ya sayar maka da dardumar ƙauye da hujjar yawan ƙulli, amma a kafet na birni rami ko shafen launi yana rushe farashi ƙwarai. Ka ga inda Kashan ɗinka ya faɗa: ka sayi irin kayan da lafiya ce rabin darajarsa, kuma ka yi cinikin biri a sama.

Tunda a arewacin Ingila kake, akwai wani abu da zai ba ka sha'awa. Wani kamfanin Manchester mai suna Ziegler ya kafa harkar saƙar kafet a Sultanabad, wadda ake kira Arak a yau, tun 1883, ana saƙa wa Turawa launukan da suke so. Akwai ma wani nau'in Kashan na farkon ƙarni na 20 da ake kira Manchester Kashan, saboda ulunsa mai laushi daga can aka sarrafa shi aka kai Iran. Wato tun fiye da shekara ɗari kafet ɗin birni kayan kasuwar fitarwa ne.

Da ka je ranar duba kaya, da minti goma sun ishe ka ka kama lahanin biyu. Ana shiga da farin hankici da 'yar kwalbar ruwa, da awo, da tocila mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Ka nemi izini, ka jiƙa hankicin ka goga a wurin da gashi ya yi ƙasa. In launi ya fito a kyallen, ko an shafa tawada a kan farin zaren da ya bayyana, ko rinin yana zuba, kuma duka biyun matsala ne. Sannan ka kama kafet ɗin ta baya ka lanƙwasa a hankali kusa da kunnenka, a kusurwoyi huɗu da tsakiya. In ka ji ƙas-ƙas kamar busasshen kara, audugar ƙasa ta ruɓe. Yawanci daga tukunyar fure da aka ajiye a kai ake samunsa, ko ruwa da ya kwanta a ƙarƙashi, kuma ba ya gyaruwa sai an yanke wurin an sake saƙa. Bayan darduma ya fi gabanta faɗin gaskiya. Shafa tafin hannu za ka ji wurin da aka sake saƙawa ya fi tauri ko kauri, tocilar kuma takan nuna sabon ulu da wani haske daban. Ka ƙirga iyakokin zane a gefe huɗu. In na sama da na ƙasa sun gaza na gefe da layi ɗaya, an yanke bakin da ya lalace. In geza ɗinka ta aka yi da allura maimakon ta zama ci gaban zaren tsaye, ko an sauya ta ko kayan na inji ne. Ka kuma sunsuna. Warin fumfuna ko fitsarin kyanwa yana da wuyar fita.

Rini shi ne babban mashaidin shekaru. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 duk launi daga tsiro ko ƙwaro yake: ja daga saiwar tsiron da Larabawa ke kira fuwa, rawaya daga ɓawon rumman da wasu ganyaye, shuɗi daga baba, irin wanda marinar Ƙofar Mata ta san shi, kore kuma sai an tsoma sau biyu, a shuɗi da rawaya. A 1856 wani matashi Bature, William Perkin, ya haɗa rinin kimiyya na farko, kuma cikin shekarun da suka biyo baya irin waɗannan rinin suka isa ƙauyukan masaƙa. Na farko-farkon ba sa jure rana. Ka buɗa gashin darduma da yatsu ka duba gindinsa: in saman toka-toka ne amma gindin jan-shuɗi ne mai ƙarfi, ko ka ga ruwan lemo mai kashe ido, ko ja ya malala cikin fari, to rinin kanti ne, kuma kayan bai riga zuwan wannan rini ba. Akasin haka, a tsofaffin dardumai za ka ga wurin baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu ya lotsa ƙasa da sauran, domin rinin da ake haɗawa da ƙarfe yana cin ulu a hankali. A Baluch wannan alama ce mai kyau, ko da yake masu jabu ma sun iya aske wurin da almakashi.

Wani lokaci za ka ga shekara a saƙe da lambobin Larabci, kuma kai da ka san Hijira kana da fifiko a nan. Ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1310 za ta ba ka wajen 1892. Sai dai hattara biyu. Daga 1925 Iran ta koma kalandar rana a hukumance, wadda ake ƙara wa 621, don haka 1310 ɗin tana iya zama 1931. Kuma cire 'yan ƙulli kaɗan ya isa ya mayar da uku ta Larabci ta zama biyu, darduma ta ƙara shekara ɗari a dare ɗaya. Ka duba bayan lambar, in an taɓa za a gani.

Kazak kuwa, wadda ake saƙawa a ƙauyukan kudu maso yammacin Kaukasus, tana cikin dardumai da aka fi kwaikwaya. Ana saƙa sababbi da zanenta a Pakistan da Afganistan, waɗanda halal ne in an sayar da su a matsayin sababbi, ana kuma samun waɗanda aka tsufar da gangan da wankin sinadari da rana da guga. Manyan masana ma an taɓa ruɗarsu: wani ɗan Romaniya, Theodor Tuduc, ya yi jabun da suka shiga gidajen tarihi na Turai. Mutumin da ya shekara ɗaya a harkar bai kamata ya fara da wannan ajin da fam dubbai ba.

Wannan ya kawo mu ga abokinka. Ba na zarginsa da mugun nufi, mai yiwuwa ya ga ka shiga damuwa ne yana neman maka mafita irin ta 'yan kasuwa. Amma ka yi masa tambaya uku cikin raha da girmamawa: shi ne ya kai dardumar gidan gwanjon ko ya san mai ita, akwai la'adar da zai samu in ka saya, kuma in riba tabbas ce me ya hana shi saye da kansa? Dillali na kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Ka sani kuma malamai sun halatta gwanjo, abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a tsawwala wa wani. Abotarku ta ci gaba, amma daga yau kada shawarar saye ta fito daga wanda ke da rabo a cinikin.

Gidan gwanjon fa, akwai abin da za ka iya nema? Ka ɗauko sharuɗɗansu ka karanta a yau, don wa'adi gajere ne, a ƙananan gidaje da yawa kwana 14 ko 21. Galibi suna sayarwa ne a yadda kaya yake, kuma ba sa karɓar mayarwa sai in jabu ne da gangan. Idan ba ka nemi rahoton lafiyar kaya ba kafin tayi, matsayinka ba shi da ƙarfi, gara in faɗa maka gaskiya. Amma in kundinsu ko wani saƙo da suka aiko maka ya ce babu gyara ko lafiyarsa ƙalau, to ka sa mai gyaran ya rubuta abin da ya gani a takarda mai sunan shagonsa, ka haɗa da hotuna, ka rubuta musu cikin ladabi. Ofishin ba jama'a shawara na Citizens Advice da ke garinku zai duba maka takardun kyauta. Ko ba su karɓa ba, ka roƙi su sake sa shi a gwanjo ba tare da la'adar mai sayarwa ba. Gidaje da dama sukan yarda don su riƙe mai saye. Kuma in za ka sayar, a rubuta lahanin a fili, kada ka miƙa wa wani abin da aka miƙa maka.

Ga yadda nake ganin ukun. Kashan ɗin kada ka zuba kuɗin gyara mai yawa a kansa, sake saƙar kusurwa a Ingila tana iya cin abin da ba zai dawo ba. Ka nemi ƙiyasi daga gidajen gwanjo biyu da dillali ɗaya, kyauta suke yi daga hoto. In abin da za ka samu ya kai rabin kuɗinka, ka sayar ka zuba a asusun gini. In bai kai ba, a ɗaure bakin kusurwar kada ta ci gaba, a sa masa shimfiɗar ƙasa, ku mora shi a falo, kusurwar ta shiga ƙarƙashin kujera. Amma wannan zaɓin uwargida ce za ta yanke, don ita za ta riƙa ganinsa kullum. Ƙashƙai ɗin a kai wa masani ya duba kafin a yanke hukunci. In rininta na tsiro ne kuma gashinta cike, ita ce ta fi yiwuwar riƙe darajarta, kuma sayar da ita a gwanjon da aka keɓe wa dardumai ya fi a jefa ta cikin kujeru da kwanuka. Baluch ɗin, wadda ita ta fara shiga ranka kuma ba ta ci kuɗi sosai ba, ka roƙi uwargida ta bar maka. Ina kyautata zaton in ta ga sauran matakan za ta bari.

In komai ya lafa, kana iya ci gaba, da sharaɗi. Ka yi shekara guda ba ka sayi komai ba, kana kallo. Ka je gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, shiga kyauta ne, ka tsaya gaban kafet ɗin Ardabil mai ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, wato 1539 zuwa 1540, idonka ya san inda ma'auni yake. Ka riƙa zuwa ranakun duba kaya a manyan gidajen gwanjo irin Christie's ko Bonhams, ba a biya, kuma ana barin mutum ya taɓa. Ka bi kundayen gidajen da suka ƙware a dardumai, kamar Rippon Boswell na Wiesbaden a Jamus, ka karanta mujallar dardumai mai suna HALI. Ka buɗe littafi kana rubuta ƙiyasinka kafin gwanjo da farashin da aka sayar. Ka zaɓi fanni ɗaya ƙarami, misali dardumar sallah ta Baluch ko jakunkunan sirdi na makiyaya, waɗanda ake samun nagari da 'yan ɗaruruwa, ka san shi ciki da bai. Ka koyi karanta kundi: in an rubuta "mai zanen Kazak" ko "salon Kazak", gidan yana gaya maka ne ba can aka saƙa ta ba, kuma in ba a ambaci shekara ba, ka ɗauka sabuwa ce.

Kuɗin sha'awa ku yanke shi tare, a asusu dabam, in ya ƙare ya ƙare. Kafin kowane gwanjo ka nemi rahoton lafiyar kaya a rubuce da hotunan baya, da gefe, da bakin sama da ƙasa, a hasken rana. Ka yanke iyakar abin da za ka kashe gaba ɗaya, ka raba da 1.36 don ka bar wa la'ada da harajinta wuri, abin da ya fito shi ne tayinka na ƙarshe: mai fam 500 ba ya wuce 360. Mafi aminci ka bar wa gidan tayinka a rubuce ka kashe waya, don zafin gasa ne yake cin mutane. In kuma niyyarka ta koma saye don sayarwa, kayan sun zama hajar kasuwanci, sai ka tambayi malami hukuncin zakkarsu.

Waɗanda ke hannunka yanzu ka kiyaye su daga asu, wanda ya yi yawa a gidajen Ingila kuma ya fi ɓarna a wuri mai duhu da ba a takawa. Duk wata ka ɗaga su ka duba baya da ƙarƙashin kujera. In ka ga 'yar saƙa kamar ta gizo ko gari kamar yashi, ka naɗe ƙaramar darduma a leda ka rufe ruf, ka sa a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifili har mako biyu, ka bar ta ta huce a cikin ledar kwana ɗaya kafin ka buɗe. Injin zuƙar ƙura a sa shi a ƙaramin ƙarfi, ba burushi mai juyawa, kuma kada ya kama geza. Kada ka ba masu wankin kafet na tururi, sai mai wankin hannu da ya san saƙar. In za a ajiye, naɗewa ake yi ba ninkewa ba, a lulluɓe da farin ƙyallen auduga, a ɗora a sama da ƙasa. Ranar da za ku kai su Kano, ka fara tambayar wakilin fito mai lasisi ƙa'idar Kwastam kan kafet kafin ka ɗaure kaya, kuma a can abokan gabarsu gara ce da laimar daɓen siminti a damina, don haka sai da shimfiɗa a ƙarƙashi, kuma nesa da tagar da rana ke faɗowa.

Takardar lissafin nan ka rubuta ta yau da dare bayan yara sun kwanta, kada ta kai gobe. Abokinka kuma ka aika masa saƙo tun yanzu cewa ba ka cikin gwanjon Kazak, don kada mako ukun nan su yi ta ja maka rai. Allah ya daidaita tsakaninka da iyalinka, ya nuna muku ginin nan an kammala.